Masu ƙirga taku ma malamai ne

In ana ba da tarihin Iskandar na Makidoniya, wanda ya tsallaka zuwa Asiya a shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jarumai da dawakai ake ambata. Amma cikin rundunarsa akwai mutanen da aikinsu shi ne ƙirga taku daga zango zuwa zango, su rubuta nisan da aka ci. Cikin waɗanda sunayensu suka iso gare mu akwai Baiton, da Diyognetos, da Filonides ɗan tsibirin Kirit. A ganina sun cancanci a jera su tare da masanan da suka ci moriyar guminsu.

Marubutan zamanin da, Strabo da Pliny, sun adana alƙalumansu. Da masu bincike na zamani suka gwada su da hanyoyin Iran da Afganistan, kamar wadda ta tashi daga Hekatompilos zuwa Herat, sai suka tarar mafi yawan kuskuren bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Da irin waɗannan rubuce-rubuce Eratostenis, shugaban ɗakin karatu na Iskandariya, ya tsara taswirar Asiya. Duk manomin da ya taɓa auna gonarsa da ƙafa ya san wuyar abin: taku yana gajarta a hawa, ya tsawaita a gangara, gajiya kuma ta rikita lissafi. Riƙe wannan ƙidaya tsawon shekaru cikin rana da ƙura horo ne na ilimi.

Masanin tarihi Donald Engels, a littafinsa na 1978, yana ganin daidaito irin wannan sai da na'ura mai ƙirga juyawar ƙafar amalanke. Ra'ayin yana da nauyi, sai dai bayanin irin wannan na'ura da muke da shi ya fara ne daga marubucin Rum Vitruvius, kusan shekara 300 bayan Iskandar. Sannan a doguwar tafiya gajeren taku da dogo suna cike giɓin juna, har jimilla ta zo kusa da gaskiya. Wasu kuma na cewa ma'aunin Girkawa, stadiyon, ba ɗaya ba ne, tunda na Olimpiya ya kai mita 192, na wasu garuruwa kuwa bai kai haka ba. Gaskiya ne, amma wannan matsalarmu ce wajen mayar da alƙalumansu zuwa mita. Su dai abin da ke kansu shi ne riƙe ma'auni guda, kuma sakamakon ya nuna sun riƙe.

Saboda haka malamin da ke koyar da Eratostenis ya kamata ya koyar da Baiton, domin ɗalibi ya san cewa lissafin masani bai wuce ingancin alƙaluman da aka kawo masa ba.