Tsibiran Markiz: UNESCO ta ba da lambar girma, ɓera na cinye tsuntsun Fatu Hiva

A watan Yulin 2024, a taronta na New Delhi, hukumar UNESCO ta saka tsibiran Markiz cikin jerin wuraren gado na duniya. Tsibiran suna tekun Fasifik, a yankin Polineziya da ke ƙarƙashin Faransa. Cikin dalilan da aka bayar har da tsuntsayen da babu irinsu ko'ina. Sai dai ɗaya daga cikinsu yana dab da ƙarewa.

Shi ne ƙaramin baƙin tsuntsun daji mai cin ƙwari da masana ke kira Pomarea whitneyi, wanda ba ya rayuwa sai a tsibirin Fatu Hiva. Wajen shekara ta 2000 ana lissafa shi da ɗaruruwa. A ƴan shekarun nan bai kai 20 ba.

Me ya jawo haka? Babban dalili shi ne baƙin ɓera, wanda ya shigo cikin kayan jiragen ruwa, aka kuma fara ganinsa a tsibirin a shekara ta 2000. Yana hawa itace ya cinye ƙwai da ƴan tsaki, ga shi macen ƙwai ɗaya take sakawa a sheƙa. Kyanwoyin da suka koma daji suna kama waɗanda suka fara tashi, sauro kuma yana yaɗa musu zazzaɓin tsuntsaye.

Ƙungiyar Manu da mutanen tsibirin suna ta sa tarko da maganin ɓera a kwarin da suka rage. Dabarar ta taɓa yin aiki: a tsibirin Rarotonga, ɗan uwan wannan tsuntsu ya ragu zuwa 29 a 1989, amma yaƙi da ɓera ya mayar da shi ɗaruruwa. Matsalar ita ce aikin ba ya tsayawa. Shekarar da kuɗi suka yanke, ɓera ya dawo.

Ua Huka, wani tsibirin na Markiz, ya tsira da nasa tsuntsayen don baƙin ɓera bai shiga ba, har ana sa kare ya shinshina kayan da ake saukewa.

A nan ne lambar UNESCO ke da fuska biyu. Za ta iya jawo tallafi, za ta kuma jawo ƙarin jiragen ƴan yawon buɗe ido da kaya. Idan hukumomin Polineziya da Faransa ba su zuba kuɗi a binciken tashoshin ruwa ba, abin da ya sami Fatu Hiva zai iya samun Ua Huka.