Mai Ɗana Tarko A Turbar Yara Shi Ne Mai Lamuni

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da aka yi sulhu a Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanu, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari shekara da shekaru. Gonar da aka daɗe ba a nome ta ba kurmi take zama, kurmi kuwa gidan gafiya ne da zomo da biri. Saboda haka ba mu ga laifin manomin Gayam da ya nemi kare dawarsa ba, haka nan maharbin da ke neman abin miya. Rigimarmu da inda ake ɗana tarkon ne.

Tarkon ƙarfe mai haƙora ba ya tambayar ƙafar wa ta taka shi. An ƙera shi don ya riƙe dabba mai ƙarfi, to ina ga ƙwaurin yaro ɗan shekara bakwai? Su wa ke bin turbar rafi da sassafe? Su wa ake aika itace, da tsintar kaɗanya, da kai abinci gona, da kiwon awaki? Yara ne. A nan ɗin kuma wani zai binne ƙarfe ya rufe da ganye, ko ya ɗaura zargen waya, ya koma gida ya yi barcinsa. In ta auku sai a taru a ce ƙaddara ce, a ba uban yaro haƙuri, a watse.

Wallahi wannan wasa da addini ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a taɓa mayar da ita mafakar mai ganganci ba. Imam Malik ya yi bayani a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, ko ya aikata makamancin haka a wurin da bai halatta gare shi ba, shi ke da lamunin abin da ya sami mutane. In raunin bai kai sulusin diyya ba, daga aljihunsa zai biya. In ya kai, danginsa na wajen uba su ɗauka. Ƙafa guda kuwa rabin diyya ce, wato raƙuma 50 ko dinari 500 na zinariya. Da masu tarko da danginsu sun san wannan lissafi, da ba sai an roƙe su ba.

Akwai ma abin da ya shafi cikin kowa. Dabbar da waya ta shaƙe ko ƙarfe ya kashe kafin a yanka ta, mushe ce, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Wanda ya ɗana tarko ya yi kwana uku bai leƙa ba, ya tarar da gada a sandare, ya sa mata wuƙa don idon mutane, ya ƙyafe ya kai kasuwa, mushe ya ciyar da Musulmi. Ga kuma azabar da dabba ta sha tana jan karyayyar ƙafa, alhali an umurce mu da kyautatawa ko a wajen yanka.

Wasu za su ce sana'ar kaka da kakanni ce. To, kakannin nan suna da Sarkin Baka da ake jin maganarsa, kuma ba su mayar da bakin gari fagen farauta ba. Wasu kuma za su ce akwai dokar gwamnati. Gaskiya ne, dajin Kamuku keɓaɓɓe ne tun 1936 zamanin En'e, a 1999 kuma ya koma gandun Gwamnatin Tarayya, inda aka haramta farauta. Amma wannan doka namun daji take tsaro, a cikin iyakar gandu. Yaron da ke bin gefen gonar ubansa ba ya cikin lissafinta.

Don haka muna kira ga Masarautar Birnin Gwari da hakimai da dagatai da masu unguwanni su tara maharba da manoma a yanke magana guda: ba tarkon ƙarfe ko zarge a turba, ko mashaya, ko kusa da gidaje da makarantun allo. Wanda zai ɗana a cikin gonarsa ya sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, ya kafa alamar da yaro zai gane, ya duba safe da yamma, ya kwance in ya tashi. Maƙerin da ya ƙera ya san wanda ya sayar wa, don kada a sami tarko marar mai shi ranar da ya kama mutum. Limamai su karantar da hukuncin lamuni a huɗubar Juma'a kafin kaka, lokacin da ɗana tarko ke yawaita. In kuwa yaro ya ji rauni, a kai shi asibiti a ranar, a bar shafa toka da jiƙe-jiƙe, sannan a kai maganar gaban alƙali ko da mai tarkon ƙanin uban yaron ne.