Makin yaro ba kuɗin tara ba ne

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, kuma akwai wata al'ada tamu ta malamai da na gaji da yi mata shiru. Yaro ya makara, a cire masa maki biyu. Ya yi surutu, a cire uku. In ka yi magana, a ce ai horo ne, dole mai laifi ya rasa wani abu.

Na yarda ya rasa. Amma me zai rasa? Idan shanu suka faɗa gonar hatsi, mai gari yakan aika a duba ɓarnar, a ƙiyasta dami nawa, makiyayi ya biya daidai. Wanda ya ba da jingina ya kasa biyan bashi, abin da ya ajiye da hannunsa ne ke tafiya, kuma ya san sharaɗin tun ranar farko. Abin da aka rasa yana ɗaure da laifin.

Maki kuwa shaida ce ta abin da yaro ya sani. Wanda ya saci amsa, a ba shi sifili, ba ni da ja, don makin ba nasa ba ne tun asali. Amma yarinyar da ta samu 12 cikin 20 a lissafi, ka mayar da shi 9 don ta shigo bayan ƙararrawa, ƙarya ka rubuta, ka sa hannu. Layin famfon da ta tsaya da asuba bai rage mata lissafi ba.

Ni ma na yi, a shekaruna na farko a wata kwaleji ta karkara. Na yi ta yanke wa wata yarinya maki saboda makara, har jimillarta ta kasa kai 10. Mahaifinta bai iya karatu ba, amma ya gane jan biro. Ya ce boko ya ƙi ta. Da aka koma bayan damina, wurinta babu kowa. Ni na yi nufin maki uku, ita ta rasa makaranta.

Ƴan uwana malamai, wanda ya ɓata mana minti goma ya biya da minti goma na hutunsa. Wanda ya zubar da shara ya ɗauki tsintsiya. Ku kuma iyaye, in an kawo muku takardar sakamako da ƙaramin maki, ku taka zuwa makaranta ku nemi a nuna muku takardar jarrabawar kanta, ku ga inda yaron ya yi kuskure.