An ƙirga raƙuman dawa sun tsira, wa zai ƙirga ungulun Dogon Dutsi?

A shekarar 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure da Dallol Bosso, kuma su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Yau sun haura 600, har suna leƙowa wajen Loga, maƙwabciyarmu. A 2018 an kwashi 8 an kai Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada annoba ɗaya ta share su gaba ɗaya.

Abin da ya fara ceto su shi ne ƙidaya. Kowane raƙumin dawa da zanen jikinsa, kamar zanen yatsan mutum. Masu bincike suna ɗaukar hotonsa dama da hagu, su rubuta jinsinsa da inda aka gan shi. Da haka ake sanin wadda ta haihu da wanda ya ɓace.

Amma yawa kaɗai ba ya nuna lafiya. Dabbar da ke cikin takura takan rame, haihuwarta ta ja baya, ta riƙa firgita da wuri. Masana kan auna wannan takura a cikin kashin dabba ba tare da sun kama ta ba. Raƙumanmu na cikin irin wannan hali: ana sare dazuzzukan geza don itacen Yamai, gonaki na cinye makiyayarsu, su kuma sai su faɗa wa waken manoma da mangwaro.

To mu fa a Arewa? Ku tambayi dattawan Matankari ko Tibiri yawan barewa da zabin daji da suka sani da ƙuruciya. Ku duba mahauta ranar kasuwa, ungulu nawa ke sauka? Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan tamu cikin jerin masu dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin kawunansu don tsubbu. Ungulu kuwa ita ke share mushe kafin karnuka da ƙudaje su kwaso mana cuta.

Ra'ayina a matsayina na malami shi ne mu mai da wannan ƙidaya aikin aji. Kowace makaranta ta buɗe littafi guda. Sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, yara su rubuta tsuntsayen da suka gani, da sheƙunan da ke kan gawo, da itatuwan da aka sare. Lissafi ne da kimiyya a zama ɗaya, kuɗinsa bai wuce na littafi da biro ba. A ƙarshen shekara a miƙa wa ma'aikatan gandun daji kwafi.

Wani zai ce manhaja ta cika, yaranmu ma karatu suke fama da shi. Gaskiya ne, amma yaron da ya rubuta abin da idonsa ya gani ya fi riƙe rubutu.

Iyaye kuma, idan yaro ya zo da danƙo da tsuntsu a hannu, ku tambaye shi sunansa, da nawa ya bari a kan itacen.