Kama Da Wane Ba Ta Wane: Magana A Kan Sarƙewar Haske

Akwai wata gardama da ta tashi tsakanin masana ilmin haske, wadda ko da yake a kan suna ake yinta, lalle ta cancanci mai hankali ya tsaya ya saurara.

Asalin maganar shi ne, haske yana tafe ne ƙwaya ƙwaya, kowace ƙwaya kuwa tana da fuskar da take kaɗawa, ko a tsaye ko a kwance. Idan aka harba hasken leza cikin wani irin dutsen ƙarau, wani lokaci ƙwaya guda takan rabu ta zama tagwaye. Tagwayen nan, kome nisan da aka raba su, in an auna ɗaya an san abin da za a tarar ga ɗayar. Wannan shi ake kira sarƙewa, sunan da Schrödinger ya raɗa a 1935.

A shekarar nan dai Einstein da abokansa biyu suka ce akwai abin da ya ɓuya ga masana. A ganinsu abin kamar goro biyu ne, fari da ja, da aka ƙunshe dabam dabam: wanda ya kwance nasa ya ga fari ya san na ɗan'uwansa ja ne, ba wani abin mamaki. Sai a 1964 John Bell ya fito da hisabin da zai raba gardama. Bisa ga ma'aunin da aka gina a kan hisabinsa, in amsar a ƙunshe take tun farko, lissafin ba zai wuce 2 ba. Clauser da Freedman suka fara gwadawa a Amurka a 1972, sa'an nan a 1982 Alain Aspect a Faransa ya sami wajen 2.7. Watau misalin goro ya faɗi. A 2017 wani tauraron ɗan Adam na ƙasar Sin ya raba irin tagwayen nan tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200, sarƙewar kuwa ba ta warware ba. A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger lambar Nobel saboda wannan aiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 1998 wani masani, Robert Spreeuw, ya nuna cewa a cikin tsinken haske guda na leza ana iya ɗaure siffofi biyu, watau fuskar kaɗawa da hanyar da hasken ke bi, har ba a iya bayyana ɗaya sai da ɗayar. Hisabinsa da na tagwaye ɗaya ne, har lissafin yakan wuce 2. Saboda haka waɗansu suka shiga kiransa sarƙewa shi ma. A 2015 Karimi da Boyd suka rubuta a mujallar Science cewa sunan bai dace ba, mu kuwa muna tare da su.

Hujjarmu ita ce, abin al'ajabi ga tagwaye shi ne nisa. Abubuwa biyu ne a wurare biyu, ba mai isar wa wani labari kafin a gama awo, amma amsarsu ta dace fiye da yadda shiri na tun farko zai iya kawowa. Siffofi biyu na tsinke guda kuwa wuri ɗaya suke, ba yadda za a aika ɗaya gabas ɗaya yamma. Wanda ya ce tsawon zane da launinsa tare suke tafiya bai faɗi abin da zai girgiza kowa ba.

Masu ɗaya ra'ayin suna cewa, tun da hisabi ɗaya ne, me ya rage? Suna da gaskiya ta wani gefe, gama kwaikwayon yana da amfani wajen koyar da ɗalibai da wajen awo mai kyau, ga shi da arha. Ba mu ce a yar da shi ba. Amma fa tun 1991 Artur Ekert ya nuna yadda za a yi mabuɗin sirri da tagwayen gaske, ta yadda in ɓarawo ya saurara a hanya, lissafin Bell zai tona shi. Hasken leza na yau da kullum kuwa ana iya ɗibar kaɗan daga cikinsa a auna, mai shi bai sani ba. Ranar da gwamnati ko banki za su sayi na'urar tsare asiri, in suna ya rikice, sai a sayar musu da tagulla a kan kuɗin zinariya.

Don haka shawararmu ga malaman jami'o'i da masu fassara ilmin zamani cikin Hausa ita ce, a raba sunayen tun yanzu, kafin baki ya saba. A bar sarƙewa ga tagwayen da nisa ya raba, na tsinke guda kuwa a kira shi ɗaurin siffofi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.