Babur Naka Ne, Kunne Fa Na Wa?

A shekarar 1946, lokacin da Italiya take farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu, kamfanin Ducati na birnin Bolonya, wanda aka kafa tun 1926 domin ƙera kayan rediyo, ya soma fitar da wani ɗan ƙaramin inji da ake ɗaura wa keke. Sunansa Cucciolo, wato ɗan kwikwiyo, saboda kukan gajeriyar salansarsa ya yi kama da haushin ɗan kare. To, kwikwiyon nan ya girma. Jikansa Panigale V4, wanda ya fito a 2018, yana da ƙarfin doki 214, kuɗinsa kuwa ya haura euro 20000, wato fiye da sefa miliyan 13. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sayen irin wannan babur a Turai: tun ƙafafunsa ba su sha ƙura ba, sai mai shi ya kwance salansar da kamfani ya sa, ya ɗaura wadda ta fi ta tsada, ta fi ta ƙara, sannan ya kira abin da ya yi gyara.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙyashin babur ɗin nake yi, ko ina raina aikin maƙeransa. Wanda duk ya san darajar sana'a dole ya sara wa injiniya Fabio Taglioni, wanda tun shekarun 1950 ya sa wa injin Ducati dabarar da ake kira desmo, inda ƙarfe ne yake buɗe bawul kuma ƙarfe ne yake rufe shi, maimakon a bar rufewar ga sifirin kamar sauran injuna. Haka kuma Massimo Tamburini, wanda ya zana Ducati 916 na 1994, ya cusa salansa biyu ƙarƙashin mazauni, har yau ana ajiye babur ɗin a gidajen tarihi. Wannan fasaha ce, babu musu. Gardamata da mutumin da ya saye ta ne, ya mai da ita abin hana maƙwabta barci.

Ga yadda cinikin yake. Akwai kamfanoni da suka shahara da wannan sana'a, irin su Termignoni da Arrow da SC-Project a Italiya, da Akrapovič a Sloveniya. Kayansu iri biyu ne. Na farko tukunyar ƙarshe ce kawai ake sauyawa, a bar sauran bututun yadda yake. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna da hatimin hukuma, an yarda a hau titi da su. Na biyu kuwa tun daga bakin inji har wutsiya ake kwashewa, a sa bututun ƙarfen titaniyom, a fitar da matatar hayaƙi, wadda ita ce take mai da gubar da inji ke fitarwa iskar da ta fi sauƙin illa, sannan a sake tsara kwamfutar babur ɗin domin ma'aunin mai da iska ya daidaita da sabon bututu. Irin wannan ba abin mamaki ba ne ya ci euro 5000, sefa fiye da miliyan 3. A jikin kwalinsa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na filin tsere ne kaɗai.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙarfi. Ducati da kansa ya ce da bututun tsere na Akrapovič ƙarfin Panigale V4 yana tashi daga doki 214 zuwa 226. Na yarda. Amma a ina dawakan nan 12 suke zaune? Can ƙololuwa, wajen da inji yake juyi 13000 a minti ɗaya. Babur ɗin nan kuwa tun bai bar giya ta biyu ba ya riga ya wuce kilomita 130 a awa, iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan hanyoyin Italiya. Ashe ke nan mutumin da yake zagaya unguwa da shi ko rabin dawakan da ya saya tun farko bai taɓa kwancewa daga turke ba. Francesco Bagnaia, wanda ya ci wa Ducati kambun duniya a 2022 da 2023, shi ne zai ji bambancin doki 12. Likitan haƙori da yake fita da babur ranar Lahadi, abin da ya ƙaru gare shi holoƙo ne, hadarin kaka. Haka zancen nauyi: an rage ƴan kilo, alhali mahayin ya ƙara ninkinsu a tumbi.

In aka matsa musu, sai su sauya kiɗa, su ce ai muryar injin Italiya waƙa ce, kamfani ne ya shaƙe ta don tsoron doka, su kuwa ƴantar da ita suka yi. Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan gaskiyar maganar take. Ƙara ba ta tsayawa inda mai ita ya tsaya. Fentin babur, wanda bai so ba sai ya kau da kai. Ido yana da marufi, kunne ba shi da shi. Mai babur yana sanye da hular kwano, sau da yawa har da abin toshe kunne a ciki, bakin salansa kuma yana kallon baya. Wato shi ne ya fi kowa tsira daga waƙar da yake yabo. Wanda yake shan ta shi ne jaririn da aka samu ya yi barci da ƙyar, da majinyaci, da ma'aikaciyar asibiti da ta kwana aiki, da malamin da ya dakata da magana a tsakiyar darasi. Ko makaɗin da ya fi kowa iya kalangu, in ya zo ƙofar gidanka da ƙarfe biyu na dare ba ka gayyace shi ba, ba za ka ce masa sannu da fasaha ba.

Malamai sun san ma'aunin ƙara ba kamar mudun hatsi yake hawa ba. In aka ƙara desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka. In aka ƙara 10, ya ninka sau 10, kunne kuma ya ji kamar an ninka masa biyu. Saboda haka wanda ya ce ai desibel 10 kawai ya ƙara, yana nufin babur ɗinsa shi kaɗai yana zubar da ƙarar babura 10. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar domin Turai a 2018, ta ba da shawara kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 45 da dare, saboda abin da katsewar barci take jawo wa zuciya da jijiyoyin jini. Cibiyar Bruitparif, mai auna hayaniyar yankin Paris, ta ƙiyasta cewa babur ɗaya da aka fasa wa salansa, in ya ratsa birnin da dare, yana iya tada mutum 10000.

Akwai kuma kirarin da aka aro daga Amurka, wai salansa mai ƙara tana ceton rai, don direba zai ji zuwanka. Mafi yawan haɗarin da ke samun mai babur daga gabansa yake fitowa, motar da ta karyo ko ta fito daga kwana, kamar yadda binciken Harry Hurt na 1981 ya nuna a Kalifoniya. Bututu kuwa baya yake harbi. Direban da ya rufe gilashi ya kunna rediyo sai ka wuce shi zai ji ka.

Su ma kamfanonin ba zan wanke su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka ma wanda ya sayar da ita. Dillalin da ya sayar wa mutum bututun filin tsere, ya ɗaura masa a garejinsa, ya tsaya yana kallo ya fita da shi kan titi da lambar hukuma a bayansa, rubutun jikin kwali ba ya kare shi wajen mutane ko da ya kare shi wajen alƙali. Bugu da ƙari, iyakar desibel 77 da dokar Turai ta sa wa manyan babura a wani ƙayyadadden gwaji ake auna ta, kusa da gudun kilomita 50. Da yawa daga cikin baburan nan akwai wata ƴar ƙofa a cikin bututunsu, kwamfuta tana rufe ta a ƙaramin gudu, ta buɗe ta in an murɗa. Babur sai ya zama ɗalibin da yake natsuwa ranar da sufeto ya zo.

Sakamako ya riga ya iso. A watan Yuni na 2020 jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya ta hana duk babur da takardarsa ta nuna ya wuce desibel 95 yana tsaye bin wasu hanyoyin duwatsu na yankin Reutte a lokacin bazararsu, bayan mutanen ƙauyukan sun gaji da ƙorafi. Hukuncin ya faɗa har kan waɗansu baburan Ducati da ba a taɓa musu ko ƙusa ɗaya ba. Faransa ta soma gwajin na'urorin kama masu ƙara a 2022. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Hausawa, amma a nan har wanda yake tafiya a hankali da salansar kamfani ya jiƙe.

Mu da ba mu da Panigale a titunan Maraɗi ko Damagaram, kada mu yi dariya da wuri. Yaron da ya kai ɗan baburinsa na Sin wajen mai walda aka fasa masa cikin salansa, ya bi ayarin biki yana murɗawa a gefen makaranta da asibiti, hujjarsa ɗaya ce da ta mai titaniyom. Kuɗin ne kawai suka bambanta. Alhali kuwa iyayenmu masu dawakai, duk son da suke yi wa sukuwa, fili suka ware mata, ba su yi ta a cikin kasuwa ba.

Italiya ma tana da filayenta, Mugello da Misano da Imola, akwai ranakun da kowane mai babur zai biya ya shiga ya kwance dawakansa duka. Wanda yake son sauƙin nauyi da kyan gani a kan titi, ga tukunya mai hatimin hukuma, ya bar matatar hayaƙi a wurinta, ya bar ɗan toshin rage ƙara da ke bakin salansa. Masu cire toshin nan kuwa sun san abin da suke yi. Tun da Faransa ta wajabta binciken lafiyar babura a watan Afrilu na 2024, mai bututun tsere ba ya yar da tsohuwar salansa. Yana ajiye ta a ɗaki cikin kwali, ya mayar da ita ranar bincike, washegari ya sake kwance ta.