Jan Kunne Ga Masu Auna Laifi Da Mudu Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, ku sani wata fitina ta biyo bayan fitinar 'yan bindiga, ita ce rabon laifi a akwatin talbijin. A zaunar da ɗan siyasa, a tambaye shi wa ya bari ana kashe talakawa. In na jam'iyya mai mulki ne, ya ce gādo suka tarar. In ɗan hamayya ne, ya ce yau abin ya lalace. Ni ina cewa duka biyun sun tauye mudu, ga kuwa hujjata.

A shekarar 2021 aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. A ƙarshen shekarar nan aka ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Gwamnan Sakkwato a lokacin Aminu Waziri Tambuwal ne, na PDP, shugaban ƙasa kuwa Muhammadu Buhari, na APC. A 2023 mulki ya juya, Ahmed Aliyu ya hau, jiha da tarayya suka zama jam'iyya guda. Shin jini ya tsaya? A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A watan Disamba na shekarar jirgin soja ya halaka mutanen ƙauye a ƙasar Silame. To, wace jam'iyya ce tufarta ba ta taɓa jini ba?

Ku gane yadda amanar take a rabe. Soja da 'yan sanda a hannun tarayya suke. Kuɗin da ake ware wa tsaro a jiha, da makarantu, da sha'anin gonaki da burtali, suna hannun gwamna. Mai tambaya na gari sai ya tuhumi kowa a kan abin da aka damƙa masa. Amma wanda ke katse wannan tun bai rufe baki ba, ya bar wancan yana zuba kamar mai huɗuba, ya tashi daga mai neman gaskiya, ya koma maroƙi.

Kada kuma a ce maganin son kai shi ne toshe bakin kowa. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Tarar ba ta maido da ko saniya ɗaya ba. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Don haka, ya almajirai, in kun ji irin wannan hira, ku auna ta kamar yadda kuke auna shaida gaban alƙali. Wa ya faɗa? A wace shekara abin ya auku? Wa ke riƙe da wuƙa da nama a ranar? An yi wa abokin hamayyarsa irin tambayar da aka yi masa? In babu amsar waɗannan, kada ku ɗauki maganar zuwa zaure, balle ku ɓata da maƙwabci a kanta. Marayun Goronyo da Silame hakkinsu na wuyan kowane mai mulki, na jiya da na yau.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.